Ɓarawon da Raini Ya Buɗe wa Ƙofa: Sharhi a Kan Kashi na Farko na Wasan "Lupin"

Wasan kwaikwayon da za mu ɗora a faifai a wannan fitowa ta mujallarmu na Faransa ne, kuma na sata ne. Na san cikin malamanmu ba a rasa waɗanda za su ce, me ya haɗa kifi da kaska, me ya kai Ƙungiyar Hausa ga ɓarayin birnin Faris? To, ma'aunin nan da aka koya mana a aji, watau jigo da zubi da tsari da salo, ba a ce sai a kan Wasan Marafa da Uwar Gulma kaɗai za a gwada shi ba. Mudun da ya auna gero ai ya auna shinkafar waje. Ban da haka, 'yan'uwa ɗalibai da yawa sun kalli wannan wasa, sun tafa wa ɓarawon da ke cikinsa har hannu ya yi zafi, saboda haka ya kamata a zauna a tambayi juna, shin me aka tafa wa?

Sunan wasan Lupin. Kamfanin Gaumont ne ya shirya shi, Netflix ta fara nuna shi ran 8 ga Janairu, 2021. George Kay, wani marubuci ɗan Ingila, shi ya ƙago labarin tare da François Uzan, Louis Leterrier kuwa shi ya ba da umarni a kashi uku na farko. Tauraron wasan shi ne Omar Sy, wanda aka haifa a 1978 a Trappes, wani gari na ma'aikata a gefen Faris, ubansa mutumin Senegal, uwarsa 'yar Muritaniya. A 2012 ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar César ta gwanin 'yan wasa maza, saboda rawar da ya taka a fim ɗin Intouchables. Netflix ta ce gidaje miliyan 76 ne suka kalli Lupin cikin kwana 28 na farko. Mu dai kashi na ɗaya kurum za mu duba, wanda bai kai awa guda ba. Wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a ɓata masa, sai ya ajiye mujallar nan tukuna, don kuwa za mu fasa ƙwai.

Labarin a taƙaice

An buɗe wasan da dare, leburorin shara suna shiga Louvre, babban gidan kayan tarihi na Faris, ana bincikensu a ƙofa. Cikinsu akwai wani dogon baƙin mutum wanda takardar aikinsa ta ce sunansa Luis Perenna. Yana cikin tura 'yar kurarsa ta shara sai ya tsaya gaban wata sarƙar wuya ta lu'ulu'u, wadda aka ce ta Sarauniya Marie-Antoinette ce, kuma iyalin wani hamshaƙin attajiri, Hubert Pellegrini, za su yi gwanjonta a nan cikin gidan. Wannan lebura akwai wasu 'yan daba su uku, masu ba da bashi da ruwa, da ke bin sa kuɗi. Da ya je musu hannu rabbana, suka cicciɓe shi za su jefo shi daga bene, sai ya ce su dakata, yana da hanyar da kowa zai wuce talauci. Su su shiga da kayan leburori, da banju a cikin kwalaben feshin goge gilashi, su sumar da masu gadi. Shi kuma ya sa kwat ya shiga zauren gwanjo da sunan Paul Sernine, wani attajirin da babu shi, ya saye sarƙar, don a kai shi inda take.

Haka kuwa aka yi. Sernine ya taya yuro miliyan 60, aka sallama masa. Ana nuna masa kayansa a ɗakin ajiya sai 'yan dabar suka faɗo, suka lakaɗa masa duka, suka ci amanarsa suka gudu da sarƙa. Ba su yi nisa ba motar da suka zo da ita, wata Ferrari, ta ƙwace wa direbansu ta afka ta cikin rufin gilashi. 'Yan sanda suka kama su da kaya a hannu, suka sallami Sernine da ban haƙuri, a matsayin wanda aka zalunta. Sai daga baya aka gane sarƙar da aka ƙwato ta jabu ce. Nan ne wasan ya koma baya ya nuna mana abin da ya ɓoye: ashe cikin kokawar nan Sernine ya musanya ta gaske da ta jabu, wadda abokinsa Benjamin ya ƙera masa, ya jefa ta gasken a kwandon shara. Da aka sallame shi ya tuɓe kwat, ya mayar da rigar lebura, ya kwashe sharar ya fita da ita ta gaban masu gadi, waɗanda ƙyamar ƙunzugun jarirai ta hana su tona ta sosai. Ba shi ne Perenna ba, ba shi ne Sernine ba, sunansa Assane Diop, kuma ko bashin da ya ci, da gangan ya ci shi don ya sami 'yan aiki.

Ana cikin wannan labari ana sako wani, na shekarar 1995. Babakar Diop, mahaifin Assane, ya zo daga Senegal da ɗansa ɗan shekara 14, ya sami aikin direba a gidan Pellegrini. Wannan sarƙa dai ta ɓace daga akwatin ajiyar maigida, aka ce Babakar ne, aka kai shi kurkuku, ya sa hannu a takardar amsa laifi, sa'an nan aka tarar da shi a rataye. Abin da ya bar wa ɗansa gado shi ne littafi guda, na labarun Arsène Lupin, ɓarawon nan mai ladabi da Maurice Leblanc ya ƙago a 1905.

Jigo

Wanda ya kalli wasan nan sama-sama zai ce jigonsa sata, ko ramuwar gayya. Ni a ganina jigonsa raini ne, kuma duk abin da ke da daraja a cikin kashin daga nan ya tsiro. A sauran wasannin fashi da muka saba gani, makamin ɓarayi bindiga ne, ko injin huda ƙarfe, ko wani gwanin kwamfuta da ke zaune a cikin mota. Assane bai riƙe ko wuƙar yanka albasa ba. Abin da ya dogara a kai shi ne, babu mai kallon fuskar mai shara. Shi da kansa ya gaya wa 'yan dabar haka lokacin da yake tsara musu aiki, cewa na sama ba sa duban na ƙasa, har ya tuna musu cewa su ma kallonsa kawai suke yi, ba su taɓa ganinsa ba. Fuskar da ya shiga zauren gwanjo da ita, ita ce ya fita da shara da ita. Bai liƙa gemu ba, bai ɗaura amawali ba. Tufafi kawai ya sauya, sai kuma yadda yake ɗauke da jikinsa, kuma a nan ne Omar Sy ya nuna shi gwani ne. Perenna kafaɗa a sake, kai a sunkuye, yana magana kamar mai roƙon gafara. Sernine kuwa ƙirji a buɗe, murmushi kamar wanda ya saba a buɗe masa ƙofa tun yana cikin zanen goyo. A makon da wasan ya fito, an ɗauki Omar Sy da kansa yana liƙa hoton tallar wasan a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Faris, da kayan ma'aikata da ƙyallen rufe hanci na lokacin annoba, mutane suna wucewa ba su san shi ba ne.

Mai wasan bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya warware jigon a wurare da dama, kuma mafi kyau a cikinsu duk ƙanana ne. Akwai inda ake ruwan sama, motar Anne, matar Pellegrini, ta mutu a titi. Babakar da ɗansa suka nufo ta don su taimaka. Tana hango baƙaƙen mutane biyu sai ta danna makullin ƙofa. Sai da ya sunkuya ya gaya mata shi ne sabon direban mijinta kafin ta gane shi, kunya ta kama ta. Babu wanda ya yi zagi, babu wanda ya ɗaga murya, ƙarar makulli ce kawai, amma duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan ya san nauyinta. Akwai kuma inda Juliette, 'yar gidan, ta tarar da yaro Assane a bakin kududdufin wankansu, ta tambaye shi wai gaskiya ne baƙaƙe ba su iya iyo ba, ta yi masa alkawarin sumba idan ya ƙetare. Sai kuma mai gwanjo, wanda bayan an sallama wa Sernine sarƙa ya ce masa bai zaci mai saye zai zama irinsa ba. Da Sernine ya tambaya, irina kamar yaya, sai ya yi 'yan kame-kame ya ce wai ƙuruciyarsa yake nufi. Mai karatu ya lura, wannan kunyar ta mai gwanjo ita ma makami ce a hannun Assane, domin mutumin da ya yi suɓul da baka irin wannan ba zai ƙara iya buɗe baki ya ce a binciki baƙon ba. Watau idan Assane yana cikin rigar lebura raini ke ɓoye shi, idan yana cikin kwat tsoron a ce an raina shi ke ɓoye shi. Ko ta ina aka ɓullo, ƙofa a buɗe take.

Amma inda dabarar ta fi burge ni shi ne yadda aka haɗa da mu masu kallo a cikin waɗanda aka damfara. Rabin wasan muna tausayin Perenna, muna cewa kaico, talaka ya faɗa hannun miyagu. Babu ɗaya daga cikinmu da ya tsaya ya yi shakka. Me ya sa? Don mun ga baƙin mutum da tsintsiya a ƙasar Turawa, ga bashi, ga mata sun rabu, ga ɗa da ake nema wa abin ciyarwa, sai muka ce ai mun san wannan labarin. Muka cike sauran da kanmu. Dabarar waiwaye, wadda a yawancin irin waɗannan wasanni ado ce kawai ta nuna wayon marubuci, a nan tana da aiki, domin lokacin da aka koma baya aka nuna mana gidan Assane na gaske, da ɗakinsa cike da tufafin ɓad-da-kama, ba masu gadin Louvre kaɗai aka kunyata ba.

Ba zan ce zubin ba shi da ɓaraka ba. Da wuya hankali ya ɗauka cewa za a bar baƙo ya taya kayan yuro miliyan 60 alhali babbar shaidar arzikinsa ita ce abin da aka karanta game da shi a intanet, wanda shi ya rubuta abinsa. Ko dillalin doki a kasuwar ƙauye ba ya sallamawa sai ya ga alamar jaka. Musanyar sarƙar kuma an yi ta ne inda kyamara ta kau da kai, don haka mai kallo, komai kaifin idonsa, ba shi da hanyar da zai gano da kansa, kuma wannan ha'inci ne kaɗan. Sai dai waɗannan ƙananan laifuffuka ne, irin waɗanda ake yafe wa tatsuniya. Ranar Lahadi 19 ga Oktoba, 2025, wasu mutane huɗu suka zo Louvre ɗin nan dai da safe, bayan an buɗe wa 'yan kallo, da motar da ke da tsanin ɗaga kaya, wasunsu sanye da rigunan nan masu ƙyalli na ma'aikatan titi. Suka hau ta taga, suka yanke gilashi, suka kwashe kayan ado takwas na gidan sarautar Faransa waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu yuro miliyan 88, suka gudu a kan babura cikin 'yan mintoci, har suka yar da kambin Sarauniya Eugénie a hanya. Tun daga ranar, mai cewa rigar lebura ba ta isa ta shigar da ɓarawo Louvre ba sai ya rage murya.

Laifi tudu ne

Babban laifin kashin nan yana wani wuri dabam, kuma shi ne dalilin rubuta wannan sharhi. Wasan da ya tashi don ya tona asirin masu raina ƙananan mutane, shi ma ya raina su.

A dubi 'yan dabar nan uku, Vincent da Kevin da Rudy. Su ma 'ya'yan unguwannin talakawa ne na bayan gari, irin inda Assane zai iya ƙarewa da bai sami littafi ba. Yaya aka nuna mana su? Ɗaya mugu, ɗaya ƙato marar kai, ɗaya wawa. An sa su sun ci amanar Assane tun da wuri don kada mu ji komai idan ya bar su a hannun 'yan sanda, alhali kuwa shi ya nemo su, shi ya ci bashinsu da niyya, kuma tun kafin su ci amanarsa ya riga ya shirya cin tasu, tun da sarƙar jabu ya tanadar musu ko da sun cika alkawari. Mai wasan ya san da haka, shi ya sa ya lulluɓe abin da ban dariya, mota ta faɗa rami, mu yi ta ƙyaƙyatawa mu manta.

Wannan ma da sauƙi, a ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To, leburorin shara na gaske fa? Su ne aka buɗe wasan da su, mafi yawansu baƙi ne 'yan ci-rani, amma kyamara ta wuce su kamar yadda Anne Pellegrini za ta wuce su. Ba mu san labarin ko ɗaya ba. Assane ya ari rigarsu na ɗan lokaci, ya yi abin da zai yi, ya tuɓe ya koma gidansa mai kyau. Su kuwa da ba su da wata rigar sai ita, gobe da dare za su dawo aiki. Sai mai karatu ya tambayi kansa, idan aka tabbata cewa da kayan shara aka shiga, a cikin shara kuma aka fita da sarƙa, wa za a fara tsarewa a yi wa tambayoyi? Wa za a ƙara tsananta wa bincike a ƙofa, wa za a kora idan kamfanin da ya ɗauke su ya rasa kwangila? Watau abin da aka yi wa Babakar a 1995, na ɗora wa bara laifin abin da ya ɓace a gidan ubangidansa, shi ne ɗansa ya jawo wa waɗansu Babakar ɗin bayan shekara 25, kuma kashin bai ba wannan ko daƙiƙa guda ba.

Kada a ce na matsa wa wasan nishaɗi da abin da ya fi ƙarfinsa, domin tushen da aka ɗebo labarin bai ji tsoron wannan tambaya ba. A cikin littafin farko na Leblanc, wanda ya fito a 1907, akwai labarin sarƙar sarauniya. A can, wani yaro ɗan shekara shida mai suna Raoul shi ne ya sace sarƙar daga gidan masu sarautar Dreux-Soubise, inda uwarsa Henriette take zaman ci-da-wuya, ana yi mata kallon baiwa. Yaron ya yi satar ne don tausayin uwarsa, amma uwar aka zarga, ita aka kora daga gidan, ta ƙare rayuwarta a wani ƙauye da tabon zargi, ko da yake kuɗi na zuwa mata a ɓoye. Yaron nan shi ya girma ya zama Lupin. Ashe Leblanc ya san wayon ɓarawo yana da kuɗin fansa, kuma marar laifi ke biya. Ko a tarihi ma haka sarƙar take. Wasu maƙeran ado biyu, Boehmer da Bassenge, suka haɗa ta da duwatsun lu'ulu'u 647, suka yi ta tallata wa Marie-Antoinette ta ƙi saye. A 1785 wata 'yar damfara, Jeanne de la Motte, ta yaudari Kardinal de Rohan ya karɓo ta da sunan sarauniya, aka ɓalle duwatsun aka sayar, da yawa a Landan. Sarƙar ba ta taɓa hawa wuyan sarauniya ba, ba ta ci nanin ba nanin ta ci ta, baƙin jinin abin ya bi ta har aka fille mata kai a 1793. Masu wasan talabijin sun ɗauki sarƙar da tun asali aikinta rataya laifi a wuyan marar laifi, sa'an nan suka wanke hannun tauraronsu tas, suka tattara dukkan datti suka kai gidan Pellegrini.

Haka nan shi Babakar. Fargass Assandé, ɗan ƙasar Kodebuwa da ya fito a matsayinsa, ya yi wasa mai natsuwa, kuma fuskarsa a ɗakin ziyara na kurkuku tana daɗewa a zuciya. Amma an rubuta shi kamar waliyyi, ba ya fushi, ba ya gajiya, tufafinsa a goge, Faransancinsa babu tuntuɓe, ana wulaƙanta shi yana godiya. Me ya sa sai baƙo ya zama haka kafin ya cancanci tausayinmu? Da a ce Babakar mutum ne mai saurin fushi, ko mai makara wajen aiki, shin ƙazafin da aka yi masa zai rage muni? Kamar dai masu wasan suna tsoron idan suka ba shi aibi ko ɗaya, 'yan kallo na Turai za su ce to, wa ya sani, wataƙila shi ya ɗauka.

Mu da muka tashi da tatsuniya mun san mai wayo tun kafin mu san Lupin. Gizo yana haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana zaton da shi take ja, kuma abin da ya ba shi nasara shi ne rainin da manyan dawa suka yi masa, daidai da Assane. Amma tatsuniya ba ta taɓa ce mana Gizo mutumin kirki ne ba. Tana nuna haɗamarsa, tana nuna yadda yake cutar Ƙoƙi da 'ya'yansa, kuma sau da yawa wayon nasa ke kai shi ga jin kunya. Kusa da wannan ma akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Alhaji Imam ya bar gida ne don ya wanke uban da ya riƙe shi, Liman, daga wulaƙancin da Sarki ya yi masa a gaban fadawa, ya kuwa bi duniya da dabaru da ƙarya da sauya kama, kamar dai Assane. Bambancin shi ne Abubakar Imam ya ba shi Malam Zurƙe, wanda in an cuce shi yau gobe ya rama, saboda haka mai karatu yana ganin cuta tana da zafi ko daga hannun tauraro ta fito. A kashin farko na Lupin babu Zurƙe. Duk wanda Assane ya cuta, ko dai an riga an nuna mana ya cancanta, ko kuma ba a nuna mana shi ba sam.

Saura maganar littafi, wadda ta shafe mu ɗaliban adabi kai tsaye. Littafin da Babakar ya bar wa ɗansa daga kantar littattafan Pellegrini ya fito, uwargida ce ta ce ya zaɓi ɗaya ya kai wa yaron. Ana iya karanta wannan ta fuska mai daɗi, a ce yaro ya karɓi littafin ubangida ya mayar da shi mabuɗin gidan ubangida, kuma lalle akwai gaskiya a ciki, duk wanda ya yi karatun boko a ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka ya san wannan. Amma abin mamaki, ban da suna da launin fata da ambaton ƙasar, kusan babu komai na Senegal a tare da uban da ɗan. Senegal kuwa tana da nata Gizon, watau zomo Leuk, wanda Léopold Sédar Senghor da Abdoulaye Sadji suka rubuta labarinsa don 'yan makaranta a 1953. Tun kafin nan, a 1947, Birago Diop, mai suna irin na tauraronmu, ya fitar da tatsuniyoyin Amadou Koumba. Mutum kamar Babakar, mai son karatu, wanda ya yi makaranta a can, da wuya a ce bai san su ba. Yaron da ya kai shekara goma sha ba ya zuwa Faris da kai fayau kamar allon da aka wanke, yana jiran Leblanc ya koya masa cewa ƙarami na iya kayar da babba da dabara. Da an ba mu ko jimla ɗaya da uban ke tuna wa ɗan da zomon gida, da Assane ya zama mai gado biyu, da kuma wasan ya ga wani abu a cikin Babakar wanda Pellegrini bai gani ba.

Duk da haka akwai wani ɗan zare da aka saƙa da kyau, wanda ya sa nake ganin marubutan sun fi sanin abin da suke yi fiye da yadda suka bari ya fito. Cikin 'yan sandan da ke binciken satar, mutum ɗaya ne ya gane bakin zaren, wani ƙaramin ɗan sandan ciki mai suna Youssef Guédira, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna asalin iyayensa daga Arewacin Afirka ne. Shi ma makarancin Leblanc ne. Shi ya lura cewa haruffa 11 da ke cikin Paul Sernine su ne dai ke cikin Arsène Lupin, an birkita su ne kawai, kamar yadda rami da mari suke haruffa ɗaya, wani abu mai kama da zaurancen da muke yi muna yara. Luis Perenna ma haka, kuma duka sunayen biyu Lupin ya yi amfani da su a littattafan Leblanc. Watau Assane ya sa hannu a kan satarsa ƙiri-ƙiri, ya bar ta ga duk wanda ya iya karatu. Da Guédira ya kai maganar gaban shugabansa, Kyaftin Laugier, sai aka mayar da shi abin dariya, aka ce ya bar tatsuniya ya kama aiki. Rainin da ya fitar da ɓarawo ta ƙofar shara, shi ne ya toshe bakin mutum ɗaya tak da zai iya kama shi.

An rufe kashin da Assane yana miƙa wa ɗansa littafin nan na Lupin, kamar yadda Babakar ya miƙa masa. An ɗauki wurin da taushi, da kiɗa mai sanyaya zuciya, ana so mu ji daɗin gado ya kai jika. Sunan yaron Raoul, sunan yaron nan na Leblanc da ya yi satar da aka kori uwarsa a kanta. Ita kuwa Claire, uwar wannan Raoul ɗin, ba ta san komai ba game da abin da uban ɗanta ya aikata a Louvre.